Ruwan famfon garinmu yana gurɓacewa da damina, shin akwai haɗari a shansa?

Malamin Makaranta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwa a kan wani al'amari da ya dame mu a garinmu, wanda ƙaramin gari ne a jihar Jigawa. Ruwan da muke sha daga rijiyar burtsatse mai aiki da sola yake fitowa, a tura shi cikin babban tankin sama, daga nan bututu ya rarraba shi zuwa famfunan unguwanni da na wasu gidaje. Ba a sakin ruwan yini guda, da safe ake buɗewa na 'yan awanni, sannan a rufe sai washegari.

Tun da damina ta kankama, ruwan da ke fara zuwa da safe yana fitowa da launin ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da ɗan wari irin na kwata, amma idan aka tari 'yan bokitai sai ya washe ya koma garau. Mu da muke ƙarshen layi, wajen bayan kasuwa, mun fi kowa ganin wannan. A daidai wannan lokaci kuma zawo ya yawaita a tsakanin ƙananan yara, har ɗalibaina suna yawan fashin makaranta. Matan gida suna zubar da na farko, su jefa alif a cikin wanda ya biyo baya, su ce shi ke nan ya gyaru. Wasu dattawan unguwa kuma suna cewa muddin launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, to babu abin tsoro a cikinsa.

Akwai wani abu na dabam da na daɗe ina lura da shi a aji, wato yara da yawa haƙoransu suna da dabbare-dabbare masu launin ƙasa, alhali ba goro suke ci ba, ba kuma ƙazanta ba ce, domin asuwaki da buroshi ba sa fitar da shi. Shin ruwan da ya washe ya halatta a sha hankali kwance? Alif ya wadatar? A ina ake gwada ruwa, kuma ko batun haƙoran yana da alaƙa da famfon? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Ruwa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka yi ya isa a gane inda matsalar ta fi yiwuwa ta kasance. Ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi ya ratso yashi da laka masu kauri kafin ya taru a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ruwan saman da aka yi jiya da dare ba ya sauya launinsa da safe. Idan ka ga ya sauya, to ƙazanta tana shiga ne ta ɗaya daga cikin wurare biyu: ko dai ta bakin rijiyar kanta, idan simintin da aka zagaye ta da shi ya tsage kuma ruwa yana kwanciya a wurin, ko kuwa ta bututun da ke kawo ruwa cikin gari. Tunda ka ce ku na ƙarshen layi kun fi gani, kuma ruwan farko ne ke zuwa da datti, na fi zargin bututun.

Ga yadda abin yake faruwa. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya huje, waje ruwan yake tsartuwa, babu abin da zai iya kutsowa ciki. Da zarar an rufe tanki, ruwan da ya rage a layi yana gangarawa zuwa famfunan da ke kwari, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace ƙofa, kamar yadda sirinji ke zuƙo magani. A garuruwanmu kuwa, sau da yawa ta cikin lambatu ake bi da bututu saboda ya fi sauƙin haƙa, ga kuma masu jona layi da kansu da dare su ɗaure mahaɗar da robar tayar keke. Da rani lambatun a bushe yake, shi ya sa ba ku ganin komai. Da damina kuwa bututun yana kwana cikin ruwan kwata da abin da ya malalo daga masai da turken dabbobi, washegari a tura muku shi zuwa gida.

Washewar ruwan bayan 'yan bokitai ba hujja ba ce ta cewa ya tsarkaka. Lakar ce ta wuce, amma ƙwayoyin cutar da ke haddasa zawo da taifot da kwalara ido ba ya ganinsu, kuma suna iya maƙalewa a jikin bututu su ci gaba da bin ruwan da ya biyo baya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda shi ne kuma ke cikin ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa (SON) ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, shi ne kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa. Ana neman wannan ƙwayar ce saboda a hanjin mutum da na dabba take rayuwa, ganinta a ruwa yana nufin bayan gida ya shiga. Abin da ke kare ruwa a kan hanyarsa shi ne kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a tanki, wanda ake so ya rage aƙalla miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a famfon ƙarshe. Yawancin ƙananan tashoshin sola ba a sa musu kulorin ko kaɗan, bisa tunanin cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya bukata, kuma da wuya in naku ba haka yake ba.

Kada a ɗauka cewa wannan matsalar talauci ce kawai. A watan Mayun 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, mai mutane kusan 5,000, an yi ruwan sama mai yawa, ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin da garin ke sha. Masu kula da tashar ba sa zuba kulorin yadda ya kamata, ba sa kuma aunawa, sai dai su cika takarda da alƙaluman ƙarya. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta, wato kusan rabin garin. Abin da binciken da aka yi daga baya ya nuna shi ne, da ana auna kulorin kullum da an gano matsalar tun da wuri.

Shawarata ita ce ku sami mutum biyu ko uku su bi layin da ƙafa daga tanki har zuwa unguwarku a lokacin da aka saki ruwa, suna duba inda ƙasa ta jiƙe ba dalili, da inda ruwan lambatu yake ɓulɓulowa, da duk inda bututu ya bayyana a fili. A hau a duba murfin tankin, domin na sha tarar da tanki a buɗe, da matattun ƙadangaru da kashin tsuntsaye a ƙasansa. Batun haƙora kuwa wata magana ce dabam, ba ta da alaƙa da lambatu, kuma gwaji ne kaɗai zai warware ta.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Malam, kafin a gyara bututu yara suna ci gaba da shan ruwan nan kowace safiya, saboda haka zan yi magana a kan abin da za a yi a gida tun daga yau. Alif ba ya kashe ƙwayar cuta. Aikinsa shi ne ya dunƙule laka ta kwanta a ƙasan bokiti, kuma haka garin ƙwayar zogale yake yi. Yana rage wani kaso na ƙwayoyin da suka maƙale a lakar, amma abin da ya rage ya isa ya kwantar da yaro. Alif matakin farko ne, bayan an tsiyaye ruwan sama-sama sai a yi ɗaya daga cikin abubuwa uku.

Mafi tabbas shi ne tafasawa, a bar shi ya yi ta ɓararraka na minti guda cikakke. Na san itace da gawayi sun yi tsada, amma ba duka ruwan gida za a tafasa ba, na sha ne kawai da wanda za a dama wa yara kunu ko a wanke musu kofi. Na biyu shi ne kulorin, ko na ƙwaya irin Aquatabs ko na ruwa irin WaterGuard, a bi adadin da aka rubuta a jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha. Sai dai kulorin ba ya aiki sosai a cikin ruwa mai laka, dole a fara tace shi. Na uku, ga wanda ba shi da halin ko ɗaya, a zuba ruwan da ya washe a cikin gorar roba fara mai haske, a kwantar da ita a kan rufin kwano cikin rana mai ƙarfi na awa 6, idan kuma da hadari ko gajimare sai ta yi kwana 2, wanda hakan ya sa wannan hanyar ba ta da sauƙi da damina.

Inda na fi ganin ana yin asara shi ne randa. Uwar gida za ta wahala ta tafasa ruwa, ta juye a randa mai faɗin baki, sannan kowane yaro ya dawo daga wasa ya ɗauki moɗar da aka ajiye a ƙasa ya zurma hannu har wuyan hannu. A zuba ruwan sha a abu mai ƙaramin baki da murfi, ko a sa wa randar famfo a gindi, ko aƙalla a sami ludayi mai dogon hannu a rataye shi a bango. Jarkokin 'yan garuwa ma a leƙa cikinsu, da yawa sun yi kore da gansakuka.

Game da maganar dattawa, a ba su girmansu, domin abin da suka faɗa hukunci ne sananne a babin tsarki, wato ruwan da ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Wannan hukuncin bai ce duk ruwan da ya inganta a yi alwala da shi ba ya ɗauke da cuta ba, kuma na tabbata idan aka zauna da limamin unguwa aka yi masa bayani, shi da kansa zai faɗakar da jama'a bayan salla, maganarsa kuma ta fi tamu shiga. A 2021 an sami fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Bauchi da Kano da Zamfara. Duk yaron da ya fara zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinki, idan kuma zawon ya zama tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanunsa suka faɗa, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba, a kuma sanar da duba-gari. Jariran da ba su kai wata 6 ba kada a ba su ruwa ko kaɗan, nono ya ishe su.

Bagobiri daga Maraɗi:

Gaisuwa ga kowa. Abin da Hajiya ta faɗa daidai ne a kan zawo, amma ina roƙon kada a bar Malam ya tafi da tunanin cewa tafasawa tana maganin komai, domin maganar haƙoran da ya ambata a ƙarshe ita ce ta fi tayar mini da hankali. Mu a jihar Maraɗi mun ga abin da ya sami Tibirin Gobir, gari mai tarihi da ke daf da birnin Maraɗi. A wajen 1985 aka haɗa garin da ruwan wata rijiya mai zurfi, jama'a suka yi murna sun sami famfo. Ruwan fari ne tas, ba wari, ba ɗanɗano, babu wanda zai kalle shi ya yi zargin komai. Shekaru suka shuɗe, sai aka fara ganin yaran da aka haifa bayan zuwan famfon haƙoransu sun rine suna marmashewa, ƙafafunsu sun lanƙwashe, wasu kawunansu sun yi girma fiye da ƙima, wasu ba sa iya miƙewa sai da sanda. An yi ta danganta abin da iska da sammu da gado kafin gwaji ya nuna cewa sinadarin fulorayid ne ya yi yawa a ruwan, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku zuwa huɗu. An shafe shekara goma sha wani abu ana shan ruwan kafin a dakatar da rijiyar a nemo wa garin wani ruwa, kuma a 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kan lamarin. Yaran da abin ya shafa yanzu magidanta ne, ƙasusuwansu kuma ba su koma daidai ba.

Wannan sinadari ba ƙazanta ce ta shigo da shi ba, daga duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa yake narkewa, shi ya sa rijiya mai zurfi ta fi samunsa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, har a man goge baki ake sa shi, amma idan ya wuce ƙima yana ɓata haƙoran da ke kan ginuwa, wato tun daga jarirantaka zuwa wajen shekara 8, idan kuma ya yi yawa ƙwarai sai ya shiga ƙashi. Kulorin ba ya taɓa shi, hasken rana ba ya taɓa shi, tafasawa kuwa ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwa ne ke tashi ya zama tururi ya bar sinadarin a tukunya. A can Najeriya ma an san yankin Kaltungo a jihar Gombe da Langtang a jihar Filato da irin wannan rinewar haƙora.

Ban ce abin da ke garinku ya kai na Tibiri ba, Allah ya kiyaye. Amma Malam, kai da kake da yara a gabanka kullum, ka duba: shin masu tabon haƙoran duk a garin aka haife su, kuma bayan an haƙa rijiyar? Yayyensu da suka girma da ruwan tsohuwar rijiya fa, haƙoransu fari ne? Yaran da suka zo daga wasu ƙauyuka suna da shi? Idan amsar ta karkata ga famfon, to kada ku yarda a yi muku gwajin ƙwayoyin cuta kawai a sallame ku, ku nemi a auna fulorayid da sunansa, a ba ku sakamakon a rubuce.

Ɗan Kasuwa:

Ni a ganina wannan wahalar ta yi yawa. A bar ruwan famfo ga wanki da wanka, a sayi fiya wata a sha, tunda hukumar NAFDAC tana sa ido a kansa kuma akwai lambarta a jikin leda. Haka muke yi a gidanmu tun da daɗewa.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Alhaji, wanda yake da hali ba laifi ya yi hakan, amma magidanci mai mutum goma sha biyar a gida ba zai iya shayar da su ruwan leda kullum ba, yara kuma idan ƙishi ya kama su a makaranta ko a kasuwa famfo mafi kusa za su kafa wa baki. Sannan lambar da ke jikin leda tana nuna an yi wa masana'anta rajista ne a lokacin da aka duba ta, akwai kuma masu buga lambar jabu. Idan masana'antar a garin take, daga ƙarƙashin ƙasa ɗaya suke jan ruwa, kuma matatar yau da kullum ba ta cire sinadarin da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya yi bayani, sai mai injin tacewa na musamman.

Malamin Makaranta:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Mun bi layin tare da mai unguwa da wani mai gyaran famfo, kuma mun tarar da wurin da bututu ya ratsa lambatun bayan mahauta, an ɗaure mahaɗarsa da roba, ruwa yana ɓulɓulowa ta cikin baƙin taɓo. Tankin yana da murfi amma ba ya rufuwa sosai, kuma mai kula da shi ya ce ba a taɓa wanke shi ba tun da aka kafa. Na kuma tambayi yara kamar yadda aka ba ni shawara, na ga masu tabon galibinsu haifaffun gari ne. Kwamitin ruwa ya ce kuɗin da ake karɓa a wata bai wuce na albashin maigadi da ƙananan gyare-gyare ba. Injiniya, da wanne ya kamata mu fara, kuma yaya ake ɗaukar ruwan gwaji?

Injiniyan Ruwa:

Ku fara da mahaɗar nan ta bayan mahauta, gobe in da hali, domin ita ce mafi arha kuma ita ce ke kwantar da yara a yanzu. Kada a sake ɗaure ta, a yanke wannan gaɓar gaba ɗaya a sa sabuwa da gam na bututu, a ɗaga ta sama da lambatun a zura ta cikin wani bututun ƙarfe mai faɗi. Bayan haka a zubar da ruwan tanki, a kankare cikinsa, a wanke da kulorin mai ƙarfi, a tura ruwan kulorin ya cika layin ya kwana, a sanar da jama'a kada kowa ya sha, da safe a buɗe famfuna har warin ya ragu. A gyara murfin, a kuma mayar da wankin tanki al'ada duk wata 6. Masai ko ramin sokawe da ke ƙasa da mita 30 daga rijiyar shi ma a lura da shi, a faɗa wa masu gwaji, domin yana sa a nemi auna naitiret, sinadarin da kan tsiyayo daga bayan gida zuwa cikin ruwa, wanda iyakarsa miligiram 50 ne a lita kuma ya fi cutar da jarirai.

Game da gwaji, ku rubuta takarda da sa hannun hakimi ko dagaci zuwa sashen ruwa da tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma, da kwafi zuwa hukumar jiha mai kula da ruwan ƙananan garuruwa, ku nemi su zo da kayan aikinsu. Idan abin ya ja lokaci, jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya suna da ɗakunan gwaji, haka ma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. Kwalabar gwajin ƙwayoyin cuta daga wurinsu ake karɓowa a rufe, ba a amfani da gorar lemo, ba a taɓa bakinta da hannu, a sa ta cikin kular da aka zuba wa ƙanƙara ta isa ɗakin gwaji cikin awa 6. A ɗebo daga wuri uku, wato bakin rijiya kafin ruwa ya hau tanki, da mafitar tanki, da famfon ƙarshe na unguwarku, kowace kwalaba da sunan wurin da lokacin ɗiba a jikinta, domin ta haka za a san daidai inda ruwan ya fara lalacewa. Na fulorayid kuwa ba ya bukatar ƙanƙara ko gaggawa, tsabtatacciyar gorar roba da aka ɗauraye da ruwan rijiyar sau uku ta wadatar. Ku haɗa da ruwan tsohuwar rijiyar gari da na duk wata burtsatse da ke kusa, saboda idan aka tarar fulorayid ɗin rijiyar da ke cika tankin ya wuce miligiram 1.5 a lita, abu na farko da za a duba shi ne ko akwai wata mai ƙarancinsa da za a keɓe don shan yara, ko a gauraya ruwan biyu a tanki ɗaya har adadin ya sauko.